Ka Ji Haushin Masana, Amma Kada Ka Ɗauki Diga

A 'yan shekarun nan an samu wani ayari na matasa da son tarihi ya kama su, wataƙila ma kana cikinsu. Babu wanda ya ɗauke su aiki, babu mai biyan su ko sisi. Da kuɗin aljihunsu suke shiga mota su je kufan wani tsohon gari, su durƙusa gaban dattawa suna tambaya, su ɗauki hoton abin da ya rage na ganuwa, su dawo su baza wa duniya ta waya. Idan ka zauna da su kuwa, kukansu kusan ɗaya ne game da masanan jami'a, musamman masu ilimin tonon kufai da binciken abin da ƙasa ta binne. Suna cewa mutanen nan ba sa sauraron kowa, ba sa rubutu da harshen da muke ji, sun raina abin da kakanninmu suka faɗa, kuma duk wanda ba shi da digiri ɗan kallo ne a wurinsu.

Ni dai a ganina kukan nan yana da tushe, kuma zan faɗi dalili. Sai dai inda haushin yake kai wasunmu, can ne asarar take. Wanda zai yi asarar kuma ba farfesa ba ne. Shi ya riga ya samu kujerarsa. Garinku ne zai wayi gari babu abin da zai nuna wa jikokinsa.

Mu fara da gaskiyar da ke wajenka. An zo garinku an yi tono, an kwashe tsingaro da gawayi da ƙasusuwa a jaka, an yi sallama da mai gari, an tafi. Bayan shekaru sakamakon ya fito a wata mujallar ilimi ta Turai, da Ingilishi mai nauyi ko Jamusanci ko Faransanci. Ka nemo ta a intanet, aka ce sai ka biya dala 30 ko 40 kafin ka karanta shafi ashirin a kan ƙasar da aka binne cibiyarka. Wanda ya nuna wa baƙin hanya, da wanda ya riƙe musu shebur a rana, ko sunansu ba lallai ka gani ba. Kundayen digiri da ɗalibanmu suka rubuta a kan garuruwanmu kuwa suna can jibge a ɗakunan karatu na jami'o'i suna shan ƙura. Ga shi kuma an shafe sama da shekara goma babu darasin tarihi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, sai a 2022 gwamnati ta sanar da dawo da shi. To, wanda aka hana shi tarihi a aji, ya taso ya nemo da kansa, sannan aka tare shi da "wa ya ba ka izinin magana?", ai dole ransa ya ɓaci.

Abin da ya ƙara wa miyar gishiri shi ne, manyan abubuwan da ake alfahari da su a wannan fanni a ƙasar nan, ba masana ne suka fara ganin su ba. A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. A 1943 wani kan yumɓun ya sake fitowa a yankin Jama'a, har wani ma'aikacin ma'adinai ya kafa shi a gonarsa ta doya don korar ɓarna, kafin a kai shi Jos wurin Bernard Fagg. A Igbo-Ukwu, can jihar Anambra, wani magidanci ne yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa a ƙarshen shekarun 1930 ya ci karo da kayan tagulla. A 1987 kuma wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya bugi wani katako a can ƙasa. Katakon nan shi ne kwalekwalen Dufuna, mafi tsufa da aka taɓa samu a nahiyar Afirka. Ka ga ke nan ma'aikacin kuza da magidanci da makiyayi su ne suka buɗe ƙofa. Duk wanda ya ce talaka ba shi da hannu a wannan ilimi, bai san tarihin ilimin ba.

Amma ka tsaya ka dubi abin da ya biyo baya a Dufuna, don a nan darasin yake. Makiyayin nan bai fasa katakon ya yi makamashi da shi ba, bai kuma tara samari su fizgo shi da igiya ba. Labari ya kai ga hukuma. Sai a 1994, shekara bakwai bayan ganinsa, masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone ƙasar da ta rufe shi a zurfin kimanin mita 5. Tsawonsa ya haura mita 8, an sassaƙa shi daga itace dangin maɗaci. Aka ɗebi ɗan guntu aka kai ɗakunan gwaji biyu daban-daban a Jamus, duka suka nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Da a ce an ciro shi da gaggawa an yar a rana, itacen da ya yi dubban shekaru cikin laima zai tsattsage ya lalace, mu kuma mu tashi da labarin "an ce an taɓa ganin wani jirgi a rijiya". Idon makiyayi ne ya gano, haƙurin masana ne ya ba shi shekaru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wataƙila ka ce, to mene ne abin wahala a tono? Rami ne fa. Ɗan'uwa, ka ɗauki misalin juji a bayan gida. Sharar bana tana sama, ta bara tana ƙarƙashinta, ta zamanin kakanka tana can ƙasa. Haka ƙasar kufai take, hawa-hawa. Mai ilimin tono yana kankare ta ne kaɗan-kaɗan, yana rubuta zurfin kowane abu da abin da ke kusa da shi. Tukunya ita kaɗai ba ta faɗin komai. Amma tukunyar da aka samu a gefen murhu, da gawayi a ƙarƙashinta, da ƙonannun ƙwayoyin gero a kusa, ta zama shaida. Gawayin ne ake gwadawa. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da yake fara raguwa daga ranar da ya mutu, kuma rabinsa yana ƙarewa cikin kimanin shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage, sai a ƙiyasta lokacin da aka sare itacen. Ranar da ka sa diga ka cakuɗa hawa na sama da na ƙasa, ka haɗa gawayin jiya da tukunyar shekara dubu, kuma babu wani ɗakin gwaji a duniya da zai iya raba su. Tono karatu ne da ake yin sa sau ɗaya tak, domin kana karantawa kana yaga shafin. Shi ya sa suke da tsantseni, kuma shi ya sa tafiyar tasu take kama da ta hawainiya.

Ka dubi ribar wannan tsantsenin a Nok. Daga 2005 masanan Frankfurt tare da hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya sun shafe shekaru suna aiki a yankin. Suka gano cewa mutanen sun fara zama a can tun kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma suna noman gero da wake. A 2021 aka wallafa wani bincike da ya samu ragowar kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu, abin da ya nuna ana shan zuma a yankin tun kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Wannan bayani daga fasassun tukwane ya fito, irin waɗanda ɓarawon kayan tarihi yake shurewa da ƙafa don ba za su yi kuɗi ba.

Za ka ce ai su ma masanan suna kuskure, har da na ganganci. Ƙwarai kuwa. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya je Ile-Ife ya ga kawunan da aka ƙera da gwaninta, sai ya ce ba aikin baƙar fata ba ne, wai ragowar wata ɓatacciyar daula ce mai suna Atlantis. A Babbar Zimbabwe Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna cewa baƙi ne daga wata nahiya suka gina ganuwar duwatsun. Amma me ya rushe ƙaryar? Tono ne na tsanaki. David Randall-MacIver a 1905, da Gertrude Caton-Thompson a 1929, sun bi hawa-hawan ƙasar suka nuna 'yan Afirka ne suka yi ginin. Daga baya gwamnatin farar fata ta Rodeshiya ta matsa wa Peter Garlake lamba saboda ya nace a kan wannan gaskiyar, har ya bar ƙasar a 1970. Wato ƙa'idar da kake jin haushinta, ita ce ta ƙwato wa Afirka haƙƙinta lokacin da masu mulki suka so danne shi. Masani yana iya son zuciya, amma ƙa'idar tana kama shi ko ba jima ko ba daɗe, saboda wani zai zo ya sake aunawa.

A nan gida ma akwai abin lura. Da yawa daga cikinmu ba ma jin daɗi sai an ce asalinmu daga Bagadaza ne, ko Masar, ko Yaman. Idan masani ya ce bai ga shaidar haka a ƙasa ba, sai mu ce ya zagi iyayenmu. Alhali Turawa irin su H. R. Palmer ne suka fi kowa son danganta duk wani ci gaba na ƙasar Hausa ga baƙi daga gabas ko arewa. Masu tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, su ne suka ja da wannan ra'ayi, suka ce a nemi tushen sarautu da biranen Hausa a cikin ƙasar Hausa, a noma da ƙira da kasuwanci da haɗuwar jama'a. Labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu gado ne mai daraja, yana faɗa mana yadda masarautu suke kallon zumuncinsu da asalin ikonsu, kuma babu mai hankalin da zai ce a jefar da shi. Amma tambayar "yaushe aka fara zama a nan?" tambaya ce da ƙasa take amsawa. A gindin Dala an samu alamun narkar da tama da aka ƙiyasta sun kai wajen ƙarni na 7, tun kafin shekarar 999 da ake cewa Bagauda ya hau mulki. Ita kanta 999 ɗin ba a rubuce take a tsohon littafin tarihin Kano ba. Littafin tsawon mulkin kowane sarki ya bayar, Palmer ne ya yi lissafi da baya ya fitar da shekarar lokacin da ya fassara shi a 1908. Ka ga lambar da muke rantsuwa a kanta ma lissafin mutum ce, kuma ana iya sake duba ta. Idan aka ce maka Kano ta girmi Bagauda, ai ba a rage mata komai ba, ƙari aka yi mata.

Haka batun harshe. Za ka ga wani ya jero kalmomi biyar na Hausa da suka yi kama da na tsohuwar Masar, ya ce magana ta ƙare. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin masana harshe sun sa Hausa a reshen harsunan Chadi, cikin babban gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye da tsohon harshen Masar. Amma dangantaka ce ta dubban shekaru, kuma ba ta nufin wani ya taso daga bakin kogin Nilu ya zo ya kafa Daura. Kama da wane ba ta wane. Ana tabbatar da zumuncin harsuna ne ta hanyar tsarin nahawu da sauyin sauti mai bin ƙa'ida a ɗaruruwan kalmomi, bayan an ware kalmomin aro irin waɗanda muka samu daga Larabci ta hanyar addini da fatauci.

Yanzu ga abin da ya sa na ce akwai asara. Yayin da muke musu da masana, wasu suna can suna aiki da diga dare da rana. A shekarun 1990 an yi wa yankin Nok wawaso, dillalai suna ba mutanen ƙauye 'yan kuɗi kaɗan, su kuma su sayar da kayan a Turai da tsada. Masanan da suka zo daga baya sun tarar mafi yawan wuraren an riga an birkice su. Akwai mutum-mutumin yumɓu da ake kira na Katsina da na Sakkwato a kasuwannin duniya, waɗanda kusan ba a san komai game da masu yin su ba, saboda ɓarayi ne suka fara kai hannu. A Nijar, an gano maƙabartar Bura a yankin Tillaberi a 1975, Boube Gado ya yi tono a can a 1983, amma da aka baje kolin kayan a Faransa a shekarun 1990 duniya ta gan su, sai masu wawaso suka far wa yankin. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok da na Bura a jerin waɗanda suke cikin haɗari. Ganuwar Kano kuwa kowa yana gani da idonsa yadda ake yanka ta ana gini, ana ɗibar ƙasarta. Kowane rami na ɓarawo shafi ne da aka yage, kuma ba za a sake buga shi ba.

Ka lura da wani abu: mai sayen kayan sata yana son ka yarda cewa masana maƙiyanka ne. Yana son ka ce "tun da su ma kwashewa suke yi, gara ni in ci". Bambancin shi ne, abin da aka tono bisa ƙa'ida yana da lamba, yana da rajista, ana iya bin sawunsa a nemi a dawo da shi. Abin da ɗan kasuwa ya saya a ɓoye ya tafi ke nan, yana can a falon wani attajiri da bai san inda Kaduna take ba. Doka ma ba ta bar ka ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba tare da izini ba, ta kuma hana fitar da su waje haka nan.

To me za ka yi da wannan ƙwazon naka? Akwai aiki jibge wanda babu farfesan da zai iya yin sa kamar kai. Dattijon unguwarku da ya san sunayen ƙofofin gari, da inda maƙera suka zauna, da inda tsohuwar kasuwa take, ba zai dawwama ba. Ka ɗauki muryarsa da wayarka da izininsa, ka rubuta rana da wuri, ka tambaye shi daga wa ya ji. Ka je wurin tsohuwa ma, domin mata suna riƙe da tarihin zuriya da aure da ƙaura wanda fada ba ta ajiye ba. Idan ka ga tsingaro ko kashin maƙera ko alamar tsohon gini a gona, ka ɗauki hoto a inda yake, ka ajiye biro ko tsabar kuɗi a gefe don a gane girmansa, ka bar shi a wurin. Kada ka sanar wa duniya takamaiman inda yake, don ba masu son tarihi kaɗai ke bin ka ba. Ka sanar da mai gari, sannan ka kai labari gidan tarihi mafi kusa, ko Gidan Makama a Kano, ko na Kaduna, ko na Jos, ko sashen ilimin kufai na jami'ar Zariya. Idan ba su amsa ba, ka sake rubutawa, ka ajiye kwafi.

Idan kuma za ka yi rubutu, ka raba wa mai karatu abu uku: abin da ka gani da idonka, abin da aka faɗa maka da wanda ya faɗa, da abin da kake zato. Wannan kaɗai zai ɗaga aikinka sama da na mutum ɗari. Idan aka ce maka "ina hujja?", kada ka ɗauke ta a matsayin zagi. Mu da muka taso muna jin malamai suna tambayar isnadi kafin su karɓi magana, bai kamata wannan tambaya ta zame mana baƙuwa ba. Su ma masanan haka suke yi wa junansu, wani lokaci ma da zafin da ya fi wanda suke yi maka.

Su kuma masana, muna bin su bashi, kuma ka nemi bashin nan da babbar murya. Duk wanda ya yi tono a gari, ya koma garin ya yi bayanin abin da ya samu da harshen mutanen, a fada ko a makaranta. A taƙaita sakamakon bincike da Hausa a shafi biyu ko uku, a sa a rediyo, a sa a intanet kyauta. A rubuta sunayen 'yan garin da suka taimaka. Jami'o'i su buɗe kundayen da ke rufe, su riƙa gayyatar matasa masu sha'awa zuwa wurin tono a lokacin hutu su koyi riƙon ma'auni da cika takarda. Malamin da ya ƙi sauko da iliminsa kasuwa, kada ya yi mamaki idan ya tarar masu tatsuniya sun cika rumfar.

Wurare irin su Surame, da Turunku, da Kufena, da Durɓi ta Kusheyi, da zanen duwatsun Birnin Kudu, da ɗaruruwan kufai da ko suna ba su da shi a takarda, masanan da muke da su ba su isa su kula da su ba, kuɗin bincike kuma ƙalilan ne. Masu tsaron da suka rage su ne mutanen da ke kwana kusa da su, wato kai da ire-irenka. Ka ci gaba da tambaya, ka ci gaba da matsa wa masana lamba har su saurare ka. Amma abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ka bar shi ya jira ranar da za a karanta shi yadda ya kamata. Ya yi haƙurin shekara dubu, zai iya ƙara goma.

Allah Ya sa mu gane, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar da muka gada.